An Ce Ɗana Yana da Otizim, da Me Zan Fara?

Tambaya: Ɗana shekararsa 3 da wata 4. Ba ya magana, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, yakan yi ta ihu yana buga kansa da bango, kuma ba ya cin komai sai taliya da biskit da shayi. Likita ya ce otizim ne, wai ba shi da magani. Dangi kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce a kai shi Indiya. Wane magani ake da shi, kuma da me zan fara?

Amsa: Baiwar Allah, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Likitan ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Babu ƙwaya ko allura ko tiyatar da ke cire otizim, wato yanayin da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wanda wasu ke kira galahanga, domin haka ƙwaƙwalwar yaron ta ginu tun yana ciki. Amma mai otizim yana koyo, kuma da yawa daga abubuwan da ke wahalar da shi suna da magani ko dabara. Mafi yawan aikin kuwa a tsakar gidanki za a yi shi, da hannunki da na mahaifinsa da yayyensa, ba sai an je Indiya ba.

Ki fara da sauke laifin da kika ɗora wa kanki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, kuma ya fi yawa a maza. Wani bincike na 2019 da ya duba mutum kusan miliyan 2 a ƙasashe 5 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na lamarin daga gado ne, gadon kuma ta wajen uwa da uba duka yake biyowa, don haka kada kowa ya jingina miki shi. Ba nononki ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba rigakafi ba ne. Takardar 1998 da ta haɗa rigakafin ƙyanda da otizim yara 12 kawai ta duba, an gano maguɗi a cikinta, aka janye ta a 2010. A Denmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga wata alaƙa ba. Ki ci gaba da kai shi da ƙannensa rigakafi.

Kuɗin farko da za ki kashe, a kan duba jikinsa za ki kashe shi. Yaron da ba ya amsa sunansa dole a tabbatar yana ji, ko da kin ga yana zabura in an buga ƙofa, domin akwai mai jin ƙara amma ba ya rarrabe sautukan magana. A wajenmu sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da kunne mai fitar da ruwa duk suna taɓa ji. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne. Ki tambayi gwajin OAE ko ABR, waɗanda ba sa buƙatar yaro ya ba da haɗin kai, na biyun ma yana barci ake yi. Ki nema a sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Sai farfaɗiya, wadda ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran yara. Ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfar baki ba. Wani lokaci yaro zai ƙame na 'yan daƙiƙoƙi, ido a kafe, ki taɓa shi bai san kin taɓa ba. In kin ga haka ki ɗauka da waya ki nuna wa likita, bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani. Gwajin EEG, mai auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, sai an yi zargin farfaɗiya ko yaro ya rasa abin da ya riga ya iya. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuwa ba ya nuna otizim, kada ki sayar da kadara a kansa sai likita ya gaya miki takamaiman abin da yake nema.

Yaron da ba ya magana, in wani wuri na yi masa ciwo, da ihu da buga kai yake faɗa. A duba haƙoransa da kunnuwansa, a kuma tambayi bayan gidansa: in yana kwana 3 bai yi ba, ko yana yi da tauri da kuka, to taurin bayan gida ne, kuma shi kaɗai ya isa ya hana barci ya kawo fushi. Da irin cin da kika ambata ina ganin a auna jininsa, domin taliya da biskit ba su da sinadarin ƙarfe sosai, shayi kuma yana hana jiki tsotsar ɗan wanda ya samu. In yana cin ƙasa ko ɓawon fenti ki faɗa wa likita a duba gubar dalma. Mun ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma akwai ta a wasu nau'o'in kwalli.

Yanzu babban aikin, wato koya masa isar da abin da ke ransa. A Ingila an yi gwaji da yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4, inda aka koya wa iyaye yadda za su yi wasa da mu'amala da 'ya'yansu. Da aka sake duba yaran bayan kimanin shekara 6, a rahoton 2016, alamomin otizim sun fi sauƙi a waɗanda aka horar da iyayensu. An kai irin tsarin Indiya da Pakistan ta hannun ma'aikatan da ba ƙwararru ba, iyaye suka iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da horon masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, kuma akwai shi kyauta a intanet ga mai jin Turanci.

Ga yadda ake yi. Ki ware minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a rana. Ki kashe talabijin, ki ajiye waya, ki zauna a tabarma kina fuskantarsa, fuskarki daidai tasa. Kada ki zo da naki wasan, ki shiga nasa. In murafen kwalba yake jerawa, ki ɗauki naki ki jera a gefensa. In ya buga cokali a kwano, ki buga. In ya yi wani sauti, ki maimaita. Kwaikwayonsa ita ce hanya mafi sauri da zai lura akwai mutum a gabansa. Daga nan ki kawo wasan da ke da maimaici, kamar cakulkuli ko lilo a zani ko kumfar sabulu. Ki yi sau 2 ko 3 har ya ji daɗi, sai ki tsaya cak, ki dube shi, ki ƙirga 10 a zuci. Duk abin da ya yi a wannan tsayawar, ko kallo ne, ko jan hannunki, ko ƙaramin sauti, ki ɗauke shi a matsayin magana: ki ce "ƙara!" ki ci gaba nan take. Wannan shirun na daƙiƙa 10 shi ne ya fi yi wa iyaye wuya, kuma a cikinsa ne yaron ke gane cewa abin da ya yi yana sa wani abu ya faru.

Ki rage yawan maganarki. Tunda bai fara ba, kalma ɗaya-ɗaya za ki riƙa yi masa, a daidai lokacin da abin ke gabansa: "ruwa", "buɗe", "takalmi". In ya fara kalma ɗaya, ke ki yi biyu: ya ce "ruwa", ki ce "sha ruwa". Ki kuma daina ba shi komai tun bai nema ba. Ki sa biskit ɗinsa a roba mai murfi wadda ake ganin ciki, ki miƙa masa a rufe. Zai dawo miki da ita, ki ce "buɗe", ki ba shi ɓari ɗaya, ki rufe. Biskit guda ya zama darasi 4. Lokacin wanka da sa kaya da cin abinci duk haka: ki ɗaga riga biyu ki bar shi ya zaɓa.

Kurakuran da ke ɓata wannan aikin sanannu ne. Akwai yi wa yaro jarrabawa dare da rana, "mene ne wannan, ce Baba, ce Mama", har ya riƙa gudun mutane. Akwai kama haɓarsa a tilasta masa kallon ido, alhali ga wasunsu kallon ido nauyi ne, kuma suna saurare ko ba su kalla ba. Akwai hana shi abin da yake so har sai ya furta kalmar da bai iya ba tukuna, wanda ƙarshensa kuka ne. Sai kuma shawarar da wasu ke bayarwa cewa a bar Hausa a koma Turanci kawai don kada ya rikice. Bincike bai nuna cewa harshe biyu na ƙara jinkirin magana ga masu otizim ba. Ki yi masa harshen da kakarsa da yaran gidan ke yi, shi zai fi ji.

Kada ki jira bakinsa ya buɗe kafin ki ba shi hanyar neman abu. Akwai tsarin musayar hoto da ake kira PECS, wanda aka fara a Amurka a 1985. Ki ɗauki hoton kofinsa da biskit ɗinsa da abin wasan da ya fi so da wayarki, a wanke miki, a rufe da leda. Da hoto ɗaya ake farawa, da mutum biyu: ke a gabansa riƙe da biskit, wani a bayansa. In ya miƙo hannu, na bayan ya kama hannun a hankali ba tare da magana ba, ya sa ya ɗauki hoton ya ajiye a tafinki. Ki ce "biskit" ki ba shi a take. Kullum na bayan yana rage taimako har yaron ya yi da kansa. Sannan ki matsa nesa ya biyo ki da hoton, sannan a ƙara hoto na biyu ya koyi zaɓe. Hoto ba ya hana magana fitowa, sau da yawa ma ihu ne ke raguwa, domin ya samu abin da ya fi ihu saurin biya masa buƙata.

Game da ihun da buga kai, ki sayi littafin rubutu ki raba shafi gida 3: me ya faru kafin, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Ki cika na mako 2. Za ki ga dalilin bai wuce ɗayan huɗu ba: yana son wani abu, yana gudun wani abu, yana neman hankalinki, ko wani abu a jikinsa ko kewayensa ya dame shi, kamar ƙarar janareta ko injin markaɗe ko lasifikar biki. In neman abu ne, ki koya masa hoton ko nuni, ki kuma daina bayarwa a tsakiyar ihu. Ki sani kwanakin farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da in ba a buɗe ba sai ya ƙara ƙarfi kafin ya haƙura. In aka sallama a nan, an koya masa cewa ihu mai ƙarfi ne ke aiki, shi ya sa dole duk gidan su zama baki ɗaya. In kuwa ƙara ce ta cika masa kai, ba rigima yake ba, ki fitar da shi wuri mai shiru ki rage magana. Buga kai ba a ƙyale shi: ki sa matashi ko hannunki tsakaninsa da bango, ba tsawa ba duka. Duka yana ƙara tsoro, bai taɓa koya wa yaro abin da zai yi a madadin ba. Kaɗa hannu da jujjuyawa da ba sa cutar da shi, ki bar shi, da su yake kwantar da hankalinsa.

Abinci kuma, a guji ɗure. Yana iya sa abinci ya bi hanyar iska ya shiga huhu, kuma yana sa yaro ya tsani wurin ci gaba ɗaya. Ki sa sabon abu kamar girman ƙwayar wake a gefen taliyarsa, kada ki matsa. Taɓawa ci gaba ne, sunsunawa ci gaba ne, kuma sau da yawa sai an kawo abu sau 10 zuwa 15 kafin ya kai baki. Ki fara da abin da ya yi kama da wanda yake ci, ki kuma rage shayi tsakanin abinci don yunwa ta samu wuri. Koyon fo: ki zaunar da shi minti 3 zuwa 5 bayan kowane cin abinci da kamar minti 20, wuri ɗaya kullum, da lada nan take in ya yi. Barci: lokaci ɗaya kowane dare, a ɗauke waya awa ɗaya kafin nan, ba shayi ba lemon kwalba da yamma. In an yi wata guda a haka bai gyaru ba, likita na iya rubuta melatonin, maganin daidaita barci, yawanci miligiram 1 zuwa 3, minti 30 zuwa 60 kafin kwanciya. Kada ki sayo maganin mura ko na barci a kemis don ya yi shiru.

Magungunan da za ki ji ana ambata su ne risperidone da aripiprazole. A Amurka an amince da na farko a 2006 ga 'yan shekara 5 zuwa sama, na biyu a 2009 ga 'yan shekara 6 zuwa sama, kuma don tsananin fushi da cutar da kai ne kawai. Ba sa koya magana. Suna kawo yawan ci da ƙiba da kasala, wani lokaci da rawar jiki, don haka sai da auna nauyi a kai a kai da gwajin suga. Ga ɗan shekara 3 ba da su ake farawa ba. In ta kai ga haka, likitan ƙwaƙwalwar yara ne zai rubuta, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri.

Masu sayar da waraka za su same ki, a Facebook da WhatsApp da bakin 'yan'uwa. Akwai allurar wanke ƙarfe daga jini, wadda ta kashe yaro ɗan shekara 5 a Amurka a 2005. Akwai ruwan MMS, wanda sinadarin bilic ne, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tun 2010. Akwai dashen ƙwayoyin halitta da ake kai yara ƙasashen waje a biya miliyoyi, da ɗakin iskar oksijin, duk babu ingantacciyar hujjar cewa suna aiki. Hana alkama da madara ma hujjarsa mai rauni ce, ga yaron da abu 3 kawai yake ci kuwa haɗari ne. Duk wanda ya ce miki zai warkar da shi cikin wata kaza, ki riƙe kuɗinki. Addu'a da karanta masa Alƙur'ani alheri ne, ki yi ki ƙara. Amma duk inda za a doke shi, ko a ɗaure shi, ko a turnuƙe shi da hayaƙi, ko a ba shi abin sha da ba ki san me ke ciki ba, ko a ce ki bar shi ki tafi, to kada ki yarda, ko wa ya kawo shawarar.

In da hali, ƙwararren koyar da magana da na koyar da ayyukan yau da kullum suna da amfani ƙwarai, haka ma cibiyoyin da ke amfani da tsarin ABA, wato koyar da ɗabi'a mataki-mataki ta hanyar ba da lada, in hannun kirki ne. Tunda ƙwararrun kaɗan ne kuma da tsada, zama ɗaya a mako 2 da za a koya miki abin da za ki yi a gida ya fi zama 5 da za a rufe ƙofa a bar ki a waje. Kafin ki biya kowace cibiya ko makaranta ki tambaya: zan iya shiga in kalla? Yara nawa ne ga malami ɗaya? Me kuke yi in ya yi ihu? Wane buri za ku rubuta masa na wata 3? Burin ya zama abin da ake ƙirgawa, misali "zai miƙa hoto ya nemi ruwa sau 5 a rana". In wata 3 ta cika ba motsi, a canza dabara. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu ba tare da wariya ba. A Islamiyya ma ki zauna da malam ki yi masa bayani, a fara da minti 20, kuma ba bulala.

Na san abin da ke ranki shi ne ko zai yi magana. Wani bincike na 2013 ya duba yara 535 masu otizim da suka kai shekara 4 ba sa haɗa kalmomi. Zuwa shekara 8, kashi 70 cikin 100 suna haɗa gajerun jimloli, kashi 47 suna magana sosai. Wasu kuma da hoto ko alama ko na'ura za su ci gaba da isar da saƙo, su ma suna koyon wanka da sa kaya da sana'a. Shekara 3 ba a makara ba ko kaɗan.

Abu ɗaya ba ya jira: kusan rabin masu otizim sukan fice daga gida ba a sani ba, kuma ruwa na jan su. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a kife bokitai da baho, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, a ɗinka lambar waya a rigarsa, a sanar da maƙwabta da mai shagon unguwa. Tunda ba zai iya ba da labari ba, kada a bar shi da wanda ba ki amince da shi ba. Ke ma ki raba aikin, mahaifinsa ya ɗauki zama ɗaya a rana, wata 'yar'uwa ta karɓe ki ki yi barci. In kin ga kin daina cin abinci, ko kuka ya zame miki kullum fiye da mako 2, ki faɗa wa likita, wannan ma yana da magani.

In yana da ƙane ko kina da ciki, ki sa ido, domin a gidan da aka samu ɗaya, kusan 1 cikin 5 na ƙanne kan zo da shi. Wata 12 ba ya amsa suna ko nuni da yatsa, wata 16 ba kalma ko ɗaya, wata 24 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya rasa abin da ya iya a kowane lokaci, ki kai shi a duba. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R da ake cika wa yara 'yan wata 16 zuwa 30, ki nemi likitan yara ya cika ta tare da ke.